Kawu a Tsohon Kaset

A shekarar da sojoji suka sauka daga mulki, bakin kowa ya buɗe. A shekarar ne Auta ta fara ganin Dogo a ƙofar tsohon gidan yari, yana ɗaukar bidiyon matan da aka kwashe wa maza ba a dawo da su ba. Ita aka ba wa riƙon makirufo.

"Malama, inuwarki ta shiga hoto," ya ce.

"Tsawonka da ya tare mana rana fa?"

Ya yi dariya har kyamara ta girgiza, dole aka sake ɗauka. Kai, zamani ne mai daɗi! Kyamara ɗaya ta aro, ɗaki ɗaya da fankarsa mai kuka, ga matasa ba ko sisi sai buri. Suna tsaka da tace hoto zai turo mata saƙo daga kujerar gefenta: "Inuwata, kin gaji? Ni kam ganinki ne hutuna."

So ya kama ta, ba ta kuma ɓoye ba. Amma babanta tela, da jin sana'ar yaron, sai ya tsayar da keken ɗinki.

"Mai ɗaukar fuskokin mutane? Da hoto aka gano kawunki a zanga-zanga, aka zo har shagon nan aka tafi da shi. Ban yarda ba."

Auta ta yi kuka har ta gode Allah. Ta rubuta masa: "Baba ya ƙi." Amsa ta zo: "Yana da gaskiyarsa. Ina nan, ba inda za ni."

Ana nan sai ƙungiyarsu ta masu ɗaukar bidiyo ta samu tsofaffin kaset na jami'an tsaro. Ƙa'idar ƙungiyar ce ba sa haska fuskar kowa sai danginsa sun gani sun amince. A cikin wani kaset Auta ta ga saurayi mai goshin babanta sak, yana ɗaga allo yana dariya. Ta gane kawunta ne, ta nuna wa Dogo.

Dogo ya ɗauki kwamfuta ya je shago, ya durƙusa.

"Baba, ba maganar aure ta kawo ni ba. Ƙaninka ne a nan. In ka ce a goge, yanzu zan goge."

Tela ya kalla. Ya ce a mayar baya. Ya sake cewa a mayar, hawaye na ɗiga kan yadin da ke cinyarsa.

"Ni na ɗinka masa rigar nan," ya ce. Can ya ɗago. "Su da suka ɗauka ba su tambayi kowa ba. Kai ka tambaya. Ku haska shi, duniya ta san na yi ƙane. Ka kuma turo manyanka."

Ranar aure, tela ya tsaya gaban kyamara da kansa, ya gyara hula.

"Ɗauke ni sosai, ɗana, kada ka rage komai. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da ba za su taɓa ɓoye fuska ba."

Auta ta ce amin.