Sunan da ke Bangon Littafi

A wata sakandare da ke Azare Jumare ya fara ganin Zinatu. An gayyace shi ya karanta wa ɗalibai littafinsa na farko, wanda ya fito da sunansa a wurin matasa, ita kuwa malamar Hausa ce. Da aka tashi ta miƙo nata ya sa mata hannu.

"Marigayi yayana Izzuddeen ma yana rubutu," in ji ta. "Da yana raye, da kun shaƙu."

Biron ya tsaya a hannunsa. Izzuddeen abokin ɗakinsa ne a kwaleji, kuma daga rubutun da ya bari Jumare ya kwashe labarin nan, bai ambace shi ko a shafin godiya ba.

Wata bakwai suna soyayya, tana kiransa Marubucina, shi kuwa kunya na cinsa a kowane kira. Mahaifinta, Malam Abbas na Udubo, ya ƙi yarda. Ya ce mai sana'ar ƙirƙira ba a gane gaskiyarsa. Sai Jumare ya tura mata saƙo:

"Hasken idona, littafin da kika so ni dominsa na yayanki ne. Babi ukun ƙarshe ne kawai nawa. Hukunci yana hannunki."

Mako uku ba amsa. A cikinsu ya sa aka sake buga littafin da sunan mai shi. Sannan saƙonta ya shigo:

"Ba ni za ka faɗa wa ba. Baffa yana gida ran Asabar."

Ya durƙusa a zaure gaban Malam Abbas ya faɗi komai, kansa a ƙasa, sannan ya miƙa masa sabon bugun. Dattijon ya daɗe yana shafa bangon littafin. Izzuddeen ɗan farinsa ne, kuma saboda alkunyar Fulani bai taɓa furta sunansa ba, har aka binne shi.

"Idona ya yi rauni," ya ce. "Karanta mini abin da ke nan."

"Izzuddeen Abbas Udubo."

"Sake."

Ya sake.

"Ka ɗauki abin da ba naka ba, yaro. Amma da ƙafarka ka dawo da shi. Turo manyanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Malam Abbas ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai gaskiya."