Manomin da Ya Binne Gemunsa

A wani zamani, a kan wani dutse mai tsananin sanyi, an yi wani manomi da ba ya jin magana. Ran nan wani bafatake ya ba shi irin wata ciyawa mai kama da furfura, wadda ke reto a rassan itatuwan ƙasashen zafi.

Bafatake ya ce, "Baba, kada ka binne. Ba ta da saiwa, iska da ɗumi take so."

Manomi ya ce, "Ni za ka koya wa shuka? Iri sai ƙasa!"

Ya binne, ya ruɓe. Ya zuba taki ya sake binnewa, ya ruɓe. Ƙwaya ɗaya ta rage, ita ma ta maƙale a gemunsa garin susar haushi. Hucinsa ya ɗumama ta, ta tsiro, ta zubo har gwiwa.

Matarsa ta ce, "Maigida, ga shukarka ta kama!"

Ya ce, "Maza a cece ta! Iri sai ƙasa!"

Ya haƙa rami, ya kwanta rub da ciki, ya binne gemun.

Da rana ta take, matar ta tsaya a kansa. "Maigida, tuwo zan kawo, ko taki?"

Ya tofar da ƙasa, ya ce, "Taki mana!"