Ƙaguwar Fadamar Miga

Rana ta kusa faɗawa bayan duwatsu lokacin da Mika'ilu ya shigo da wani bokiti. Daga Miga yake, ya je duba gonar shinkafar gidansu bayan ruwa ya janye, ya dawo Dutse ƙafafun wandonsa duk laka. Ya dire bokitin a tsakar gida, ya yaye buhun da ya rufe bakinsa. Ƙaguwa ce a ciki, masu rai, baƙaƙe, suna hawa bayan juna suna zamewa.

"Subhanallahi! Abbansu, wannan kuma fa?" in ji matarsa Zulaihatu, tana ja da baya.

"Maganin 'yarki na kawo miki. Wani masunci ya ce in aka dafa ta da ɗanyar citta aka sha romon, ƙirji yana buɗewa."

"Ana ci kuwa?"

"Na tambaya, Zulai. Abin ruwa ne, halal ne."

Raihana, autarsu, tana zaune a kan tabarma da abin shaƙarta a hannu. Tun tana ƙarama take fama da asma, kuma duk kaka sai ciwon ya tashi. Ta leƙa bokitin ta yamutsa fuska.

"Abba, ni wallahi ba zan ci abin da yake kallona ba."

"Ai in ya dahu ya daina kallo," in ji uban, yana dariya.

Zulaihatu mace ce mai tsare magariba. Tun da ta ji a Islamiyya cewa idan rana ta faɗi a tattara yara, a rufe ƙofa da sunan Allah, ba ta taɓa bari an yi kiran sallah ƙofarta a buɗe ba. Ta kan rufe randa, ta kife kwanuka, ta tura ƙyaure da bismillah ta sa sakata, sannan ta karanta Ayatul Kursiyyu ta tofa a kusurwoyin gidan. Haka ta yi a wannan yammacin, bokitin yana tsakar gida. Sai da ta gama ta koma madafa.

Ba ta taɓa dafa ƙaguwa ba, don haka ta bi hankalinta. Ta wanke su da ruwa mai yawa tana juyawa da muciya, har lakar ta fita. Ta kankare citta manya-manya, ta daka da tafarnuwa da attaruhu da ɗan masoro, ta soya albasa a man gyaɗa har ta yi laushi, ta zuba dakan a kai. Ƙamshi ya tashi ya cika gidan. Ta tsaida ruwa, da ya tafasa ta runtse ido ta juye ƙaguwar, ta rufe tukunyar da sauri.

Sai ta ji su. Ƙar, ƙar, ƙar, suna karce murfin daga ciki. Ta danne shi da hannu tana istigfari har ƙarar ta mutu.

Da aka buɗe sun koma jajaye. Romon ya yi daɗi, ba wanda ya musa. Raihana ta sha kofi guda tana gumi, ta ce cittar har cikin kunnenta. Mika'ilu ya fasa ƙafafun yana tsotsa. Aka tara ɓawon a tsohuwar ƙwarya, aka wanke tukunyar aka kife.

Suna shirin sallar isha'i karcen ya dawo. Daga ƙarƙashin tukunyar da aka kife yake fitowa. Mika'ilu ya ɗaga ta da ƙafa. Babu komai sai ƙasa mai danshi. Yana tsaye yana kallo wani abu ya daki ƙofar gidan da ƙarfi, har sakatar ta yi ƙara. Ya haska fitilar waya. Curin laka ne, jiƙaƙƙe, mai warin kogi, ya manne a jikin ƙyauren ta ɓangaren ciki.

Zulaihatu ta jawo 'yarta ɗaki, ta sake zagaye gidan da tofi.

Da gari ya waye numfashin Raihana ya sauya. Ƙirjinta yana fito kamar iska a kafar gora, abin shaƙar bai yi mata komai ba. Mika'ilu ya kira mai adaidaita ya tsaya a ƙofar gida don a kai ta asibiti. Ta sa hijabinta, ta taho tana dafa bango. Tana isa dokin ƙofa ta tsaya cak.

"Taho mana, auta."

"Abba, ƙafata ta ƙi."

Ya sunkuya ya ɗauke ta, yarinyar da ba ta kai buhun gero nauyi ba, amma ya kasa raba ta da ƙasa. Mai adaidaita ya shigo suka kama tare. Sai ta sandare, idanunta suka juye, ta zame daga hannunsu ta durƙusa, ta koma cikin gida da gefe, da gefe, hannuwanta a sama, har ta shige lungun da ke bayan randa. Mai adaidaita ya fice bai waiwayo ba.

Daga nan gidan ya zama rami. Da rana shiru, sai fiton ƙirjin Raihana daga bayan randa, don ta ƙi kwana a ko'ina sai nan. Da zarar inuwar dutse ta rufe tsakar gida, Zulaihatu ta tura ƙyaure, sai jifa ta fara. Laka, tsakuwar rafi, wani lokaci har da ganyen bado, duk a jikin ƙofa. Akwai kuma muryar da ake ji ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwa tana kiran dabbobi daga nesa. Maƙwabta suka daina aiko yara. Mika'ilu ya daina zuwa ofis. Zulaihatu kuwa, duk yadda tsoro ya ƙaru haka take ƙara tsaro: tun kafin rana ta yi ja take rufe ƙofa, ta toshe tagogi da tsumma, ta yi ta karatu har muryarta ta dishe.

Kubura, wata ma'aikaciyar jinya da ke layinsu, ta zo ta yi wa yarinyar allura. Ta duba leɓɓanta da suka fara yin duhu, ta ja Zulaihatu gefe.

"Maman Raihana, abin da zan iya a gida na yi. Iskar asibiti take bukata. In aka ƙara kwana a haka, ni dai ina jin tsoro."

A ranar Mika'ilu ya tafi Jahun ya ɗauko Malam Abdulkahar, dattijon da ke da makarantar allo a can, wanda aka sani da ruƙiyya. Bayan la'asar suka iso. Malam bai yi gaggawa ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon lakar da ta bushe a jikin ƙyaure, ya taɓa ta da yatsa.

"Waje ma ana jifa?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Ciki kawai," in ji Mika'ilu.

Ya gyaɗa kai. Ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da randa, uwar ta riƙe kafaɗun 'yarta, shi kuma ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu. A hankali yake yi, ba ya ɗaga murya. Hasken tsakar gida yana raguwa. Zulaihatu ta saki yarinyar, ta je ta rufe ƙofa kamar kullum, ta dawo. Malam ya bi ta da ido. Yana cikin Suratus Saffat Raihana ta ƙanƙame, fiton ƙirjinta ya tsaya, bakinta ya buɗe.

"Ya isa! Ya isa haka, tsoho, ka ƙona ni."

Muryar wata tsohuwa ce, a shaƙe, kamar mai magana daga cikin rijiya.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Ba ruwanka da sunana. Ni makiyayiya ce."

"Kiwon me kike?"

"Abin da suka cinye. Ina kwance a cikin laka tare da garkena aka kwashe mu. Na ce bari a sauke in kama hanya. Kafin in juya, matar nan ta rufe ƙofa."

"Ƙofa tana wuni a buɗe. Me ya hana ki fita?"

"Kai malami ne ko kuwa? Ni da rana makauniya ce. Hanyata ɗaya, daga faɗuwar rana zuwa ɓacewar jan magariba. Kullum na taho sai in tarar ta rufe da sunan da ba na iya tsallakewa. Na yi jifa, na yi kira, sai ƙara rufewa take. Ina ji ina gani ta danne murfi a kan dabbobina, ga citta kamar wuta. To in ban fita ba, 'yarta ma ba ta fita."

Zulaihatu ta ƙara riƙe kafaɗun yarinyar.

"Ba su san kina ciki ba," in ji Malam. "Abin ruwa kuma Allah ya halatta wa ɗan Adam. Ke ce kika yi zalunci da kika kama marar lafiya. Za a buɗe miki, ki tafi."

"Da ita zan tafi. Garkena yana cikinta."

"Ba ki isa ba."

"To a yanka mini baƙar akuya a bakin ƙofa."

"Ba a zubar da jini don wanin Allah, ko na kaza." Ya ɗora daga inda ya tsaya a surar. Jikin Raihana ya fara karkarwa, muryar ta yi ƙara ta koma kuka.

"Tsaya! Ɓawonsu fa? Ko ɓawon a ba ni in kai gida. Ni na rene su."

Kukan ya ci gaba, siriri, irin na wadda ta gaji.

"Wannan ba hadaya ba ce," in ji Malam. "Shara ce, ɗauki abinki. Amma ki yi alkawari da Wanda ya halicce ki ba za ki dawo ba."

"Na yi. Me zan dawo yi a garin duwatsu? Amma wadda ta rufe ita za ta buɗe."

Daga masallacin unguwa ladan ya fara kiran magariba. Mika'ilu ya ɗauko ƙwaryar ɓawon, wadda tun ranar ba wanda ya yarda ya taɓa, ya ajiye a gindin ƙofa. Zulaihatu ba ta motsa ba.

"Malam, yanzu fa ake kira. In na buɗe, wa ya san abin da zai shigo? In ƙarya take fa, 'yan uwanta take so ta shigo da su?"

"Aljanu suna ƙarya, ba na musu. Amma dubi leɓen 'yarki." Ya sassauta murya. "Ba ki yi laifi ba, Zulaihatu, kuma gobe ma ki rufe. Sai dai ba katakon nan ne yake tsare ku ba. Wanda kika rufe da sunansa, da sunansa za ki buɗe."

Ta dubi Raihana. Idanun yarinyar a juye, ƙirjinta yana ɗagawa ba abin da ke shiga. Ta miƙe. Tsakanin randa da ƙofa ba nisa, amma ta ji kamar a cikin taɓo take tafiya. Ta kama sakatar, sanyi ƙalau, jiƙe da ruwan da ba ta san daga inda ya fito ba. Ta ce bismillahi, ta zare, ta ja ƙyauren har ya daki bango.

Waje ja ne, layin babu kowa. Ta tsaya a gefe, bayanta manne da bango. Sai wata iska mai sanyi ta taso daga bayan randa, ƙasa-ƙasa, mai warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ta shafi idon sawunta ta wuce. Ƙwaryar ta yi ƙara, ta kife, ta gangara waje, kuma babu ɓawo ko ɗaya a ƙasa. Can ƙarshen layi, wajen gabas, ta ji wannan kiran na dabbobi yana nisa, har kiran sallah ya rufe shi.

Raihana ta yi tari, ta ja numfashi mai fito.

"Umma, ƙirjina."

Muryarta ce. Mika'ilu ya fita a guje ba takalmi ya tare adaidaita a bakin titi. Ya dawo ya sungume ta, ta taso masa sakayau kamar kullum. Da suka zo dokin ƙofa ya tsaya da kansa, ya kasa ɗaga ƙafa don fargaba.

"Abba, sauke ni," ta ce da ƙyar. "Ni zan gwada."

Ya sauke ta. Ta dafa uwarta, ta ɗaga ƙafar dama a hankali, ta ɗora a kan ƙasar waje. Ta jawo ta hagu. Ba abin da ya riƙe ta.

Malam ya ce su tafi, shi zai yi sallarsa a masallacin unguwa. Suka shiga adaidaita, yarinyar a tsakiya, kanta a ƙirjin uwarta. Har an tada inji Mika'ilu ya waiwaya ya hango gidan a buɗe, duhu yana shiga.

"Zulai, ƙofa fa."

Zulaihatu ba ta waiwaya ba. Tafinta yana bayan 'yarta, tana jin iska tana shiga tana fita.

"Bar ta, Abbansu, da Mai ita. Direba, mu je."