Kitson da Bai Tsufa Ba

Da hantsi Sajan ya leƙo ofishin Sufeto yana danne dariya.

"Ranki ya daɗe, wata mata ce a waje. Wai ta kawo ƙarar kitso."

Shekarar Sufeto ashirin tana wannan aiki, kuma ta daɗe da lura cewa ƙarar da ta ba Sajan dariya ita ce wadda ya kamata a saurara. Ta ce a shigo da matar.

Mai kitso ce, dattijuwa, yatsunta na sheƙin man gashi. Ta gaishe su da ladabi, ta jera hotuna uku a kan tebur. A kowane hoto ga budurwa tana murmushi, sanye da kaya daban.

"Autata ce, shekararta goma sha tara. Wata uku ke nan da goggonta, ƙanwar marigayi mijina, ta samo mata aikin shago a wani gari. Duk wata sai ta kawo mini hoto, ta ce Auta na gaishe ni."

"To, Mama, mene ne ba daidai ba?"

"Dubi kanta, 'yata. Ni na yi mata wannan kitson ranar da za ta tafi. Ga shi a hoton farko, ga shi a na biyu, ga shi a na jiya, ko gashi ɗaya bai tashi ba. Kitso ba ya wuce mako uku bai tsufa ba. Rana ɗaya aka ɗauki hotunan nan."

Sajan ya daina dariya. Sufeto ta duba hotunan sosai, don ta sha ganin irin wannan murmushin a fayil.

"Kin ji muryarta tun da ta tafi?"

"Ko sau ɗaya. Wai an hana ma'aikata riƙe waya."

Da rana suka isa gidan Goggo. Mace ce mai fara'a da bakin zuma, irin wadda za ta tambaye ka lafiyar kakarka da ba ta taɓa gani ba. Ta kawo musu ruwan sanyi. Ana zafi har fanka ta gaza, amma ta ɗaure ɗankwali tamau har saman gira.

"Yaushe rabonki da Auta?" in ji Sufeto.

"Tun ranar da na sa ta a mota. Wata uku cur."

"Sunan shagon fa?"

"Wayyo, ya shige mini. Wata Madam ce ke da shi, mutuniyar kirki."

"Ba ni lambarta."

"Tana cikin wayata da aka sace."

"To hotunan ta ina suke zuwa?"

Goggo ta gyara zama. "Direba ke kawowa. Ni taimako na yi wa marainiyar yayana, ga shi ya zama abin tuhuma." Ta matso hawaye guda biyu, ba su ƙaru ba.

Sufeto ta fito ba ta da hujjar kama kowa. Ƙarya dai ta ji ta, amma jin ƙarya ba ya zama shaida a gaban alƙali.

Washegari Mai Kitso ta dawo tun da sassafe, ta zauna a benci. Ba wanda ya kira ta, zaman gida ne ya gagare ta. A daidai lokacin Sajan ke fito da wata budurwa da suka kamo a samamen wani otal. Tun da aka kawo ta ba ta ce uffan ba, har 'yan ofis suka raɗa mata Shiru-shiru.

"Yau za a rubuta mata caji, ta yi wa alƙali nata shirun," in ji Sajan.

Mai Kitso ta miƙe zumbur.

"Tsaya, ɗana! Wa ya yi wa yarinyar nan kitso?"

Ta matsa kusa, ta duba kan budurwar. Sufeto ta fito jin hayaniya.

"Ni bahaguwa ce," in ji Mai Kitso, "kitsona hagu yake kwanciya, kuma ina tura jelar ciki, ba na barinta tana lilo. Mutum ɗaya na koya wa haka. Wannan hannun Auta ne, kuma bai kai mako biyu ba. Tana raye! Wallahi tana raye!"

Sufeto ta karɓe takardar cajin daga hannun Sajan, ta ninke ta.

"Wanda aka yi safararsa ba mai laifi ba ne a doka, Sajan. Shaida ce wannan, kuma kariya za a ba ta. Kawo mata shayi."

Shayin bai buɗe bakin Shiru-shiru ba. Ta ce ba ta san wata Auta ba, a hanya aka yi mata kitson, ita da kanta ta kai kanta otal. Tana magana tana kallon ƙofa. Sufeto ta san wannan karatun, koya musu shi ake yi.

Sai Mai Kitso ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa, ta zauna, ta buga cinyarta.

"Zo nan, 'yar nan. An ja miki gaban goshi da yawa, zai ci miki gashi. Auta har yanzu ba ta bar gaggawa ba."

Budurwar ta sauko ta ɗora kai. Mai Kitso ta zaro tsinke daga jakarta ta fara tsifa a hankali, tana shafa mai. Sufeto ta ajiye biro, ta yi kamar tana neman wani abu a durowa. Ba a tsefe layi uku ba kafaɗun yarinyar suka fara girgiza. Wa ya san rabon da a taɓa ta ba don a cutar da ita ba?

"Mu bakwai ne a gidan," ta ce da dasasshiyar murya. "Duk aikin shago aka ce mana. An ƙwace katinanmu da wayoyinmu. A mota mai baƙin gilashi ake fita da mu, ban san unguwar ba. Auta ke yi mana kitso, tana yi tana ba mu labarinki."

"Wace ce mai gidan?" Sufeto ta tambaya a hankali.

"Madam muke ce mata. Duk mako take zuwa, ita ma Auta ke yi mata. Akwai tabon ƙuna a ƙeyarta inda gashi ba ya fitowa, sai Auta ta kwantar da layi biyu ta rufe shi."

Hannun Mai Kitso ya tsaya cak.

"Shekara ashirin ina rufe wa goggon Auta wannan tabon," ta ce. "Wata uku ke nan ba ta kawo mini kanta ba. Wai ciwon kai take yi."

Kafin azahar an kawo Goggo. Sufeto ta fitar da maza daga ofis, ta bar kurtu mace ɗaya da Mai Kitso.

"Kin ce rabonki da Auta wata uku?"

"Na rantse."

"Cire ɗankwalinki."

Goggo ta yi tsalle, ta yi faɗa, ta ambaci manyan da ta sani. A ƙarshe ɗankwalin ya sauka. Ga kitso sabo fil, ya kwanta hagu, layi biyu sun rufe tabon ƙeya.

Mai Kitso ba ta ɗaga murya ba. "Kina zaune a gabanta, ta riƙe kanki da hannunta, ba ki ji komai ba?"

Nan bakin zuma ya ƙare. Goggo ta zube a kujera, ta faɗi unguwar, ta faɗi direban da masu otal ɗin da take hulɗa da su. Ta kuma faɗi abin da ya hana Auta gudu: kullum tana gaya mata cewa ranar da uwarta ta ji abin da ta zama, tsine mata za ta yi.

Da la'asar, da takardar izinin kotu a hannu, suka sa Goggo a gaba suka buɗe gidan. 'Yan mata biyar suka fito suna kare fuska. Sufeto ta gaya musu ba kama su aka zo yi ba, asibiti za a fara kai su. Ta shidan tana can ƙuryar ɗaki, ta juya wa ƙofa baya, ta rame sosai.

Sufeto ta durƙusa kusa da ita. "Auta, an gama. Taso."

"Don Allah, ranki ya daɗe, ki kulle ni tare da Goggo. Kada dai a gaya wa Mama. Ki ce mata na mutu."

Sufeto ta waiwaya. A tsakar gida Sajan na tura Goggo cikin mota da ankwa a hannu, ba ta ko ɗago kai ba. An ce wa Mai Kitso ta jira a waje, amma wa zai tsayar da ita? Tana nan tsaye a bakin ƙofar, ta ji komai.

Ta shigo, ta zauna a ƙasa, ta jawo 'yarta jikinta. Auta ta yi ƙoƙarin zamewa.

"Mama, ba ki san abin da na yi ba."

"Na san abin da aka yi miki," in ji Mai Kitso, ta ƙara riƙe ta gam. "Ina takalmanki? Gida za mu."