Burodin da Ya Ƙi Tashi

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da komai nata sai da gudu. Wanka da gudu, cin abinci da gudu, har gaisuwa ma da gudu take yi. Shi ya sa Babanta yake kiranta Walƙiya.

Wata rana yayar Mamanta ta kawo musu kyautar injin yin burodi. Fari ne, mai murfi a sama, da ɗan gilashi da ake leƙawa. A cikinsa akwai kwano mai zurfi, da wani ɗan ƙarfe da ke juya kwaɓi.

Mama ma'aikaciyar jinya ce, sai yamma take dawowa gida. Don haka ta koya wa Walƙiya yadda ake haɗa kayan. Ta rubuta komai a takarda, ta liƙa a jikin firij.

"Ruwa za ki fara zubawa," in ji Mama. "Sai mai, sai sukari da gishiri, sai fulawa. Yis ne na ƙarshe, ki yi masa ɗan rami a tsakiyar fulawa."

"Na gane, Mama."

"Ban gama ba. Ruwan nan mai ɗumi nake so, ba mai zafi ba. Idan kin zuba daga filas, ki sirka, ki jira, ki taɓa da yatsa. Idan ya ƙona ki, to bai yi ba."

"To, Mama."

Sati biyu burodi yana fitowa da kyau. Ga laushi, ga ƙamshi har bakin ƙofa. Ƙaninta Auta yakan zauna gaban injin ya yi tagumi, yana jiran ya yi ƙara.

Ran nan yis ya ƙare. Aka aiki Walƙiya shagon bakin layi ta sayo sabo. Mai shagon wani dattijo ne mai farin gemu, yaran layin duka Kaka suke ce masa. Idan ruwan sama ya tare su, a rumfarsa suke fakewa. Idan Mama ta makara, a bencinsa Auta yake zama ya jira ta.

"Ga shi, jikata," in ji Kaka. "Sabo ne fil, jiya aka kawo."

Tana komawa kicin sai ta ji ƙawayenta suna kiranta daga waje. An fara tsallen igiya. Walƙiya ta tsiyayi ruwa daga filas, yana ta tururi. Ta dubi ruwan, ta dubi ƙofa.

"Ruwa ai ruwa ne," ta ce a ranta. "Tunda da zafi injin zai gasa burodin, bari in taimaka masa."

Ta juye ruwan yadda yake, ta zuba sauran kayan, ta danna, ta fita a guje. Har daɗi ta ji, wai ita ta gano dabarar da Mama ba ta sani ba.

Da yamma injin ya yi ƙara. Mama ta buɗe murfi, ta leƙa. Burodin bai kai ko rabin kwano ba. Da ta juye shi a faranti, sai ya faɗi tim!

Auta ya gatsa, ya riƙe haƙorinsa. "Wayyo! Mama, wannan bulo ne?"

Baba ya ƙwanƙwasa shi da cokali, ya yi dariya. "An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. To, mu yau gasa shi muka yi."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Abu ba ya lalacewa haka kawai. Bari mu bi a hankali. Walƙiya, kofi nawa na fulawa kika sa?"

"Uku, kamar kullum."

"Gishiri bai taɓa yis ba?"

"Bai taɓa ba."

"Ruwan fa? Mai ɗumi ne?"

Walƙiya ta san idan ta faɗi gaskiya za a yi mata faɗa. Kuma a ganinta ruwa ba shi da laifi.

"E, mai ɗumi ne," ta ce.

Washegari Mama ta ce a buɗe sabuwar fulawa, ko waccan ta tsufa. Walƙiya ta sa sabuwar fulawa, amma ruwan filas dai ta sake juyewa. Burodi ya sake fitowa kamar dutse.

Rana ta uku Baba ya duba injin da kansa kafin ya fita aiki. Ya ga ɗan ƙarfen yana juyawa. Ya ga kwanon yana ɗaukar zafi. Ya ce injin lafiyarsa ƙalau. Amma da yamma bulo na uku ya fito.

Mama ta zauna tana lissafawa da yatsu. "Ba fulawa ba ce. Ba inji ba ne. Ruwa kuma daidai yake. Saura abu ɗaya."

"Yis," in ji Baba. "Tun ranar da aka sayo sabon nan abin ya fara."

Ran Baba ya ɓaci. "Dattijon nan ya ba yarinya mataccen yis, ya ce mata sabo ne? Gobe da rana, idan na dawo cin abinci, zan kai masa burodin nan uku ya gani da idonsa."

A daidai lokacin maƙwabciyarsu ta shigo aron wuƙa, ta ji maganar. Ita kuwa magana ba ta kwana a bakinta. Kafin gari ya waye, rabin layin ya ji cewa Kaka yana sayar da tsofaffin kaya.

Da safe Walƙiya ta bi ta gaban shagon za ta makaranta. Kaka yana share ƙofa.

"Jikata, ina kwana? Yaya burodinmu?"

Walƙiya ta ɗauke kai, ta wuce ko amsawa ba ta yi ba. Ita ma ta yarda cewa laifinsa ne. Kaka ya tsaya da tsintsiya a hannu, yana bin ta da kallo.

A makaranta, darasi na uku na kimiyya ne. Malama ta shigo da kofuna uku na gilashi, ta jera a kan tebur.

"Yau za mu ga wani abu mai rai wanda ba shi da ƙafa, ba shi da baki," ta ce. "Wa ya san yis?"

Walƙiya ta riga kowa ɗaga hannu. "Ni, Malama! Da shi ake yin burodi."

"Madalla. Ku duba nan. Kofi na farko ruwan sanyi ne. Na biyu mai ɗumi. Na uku tafasasshe."

Malama ta zuba sukari da yis a kowanne, ta juya. Ta ce su jira minti goma.

Da lokaci ya cika, yara suka taso suka kewaye tebur. Kofin ruwan sanyi ya ɗan yi kumfa kaɗan. Kofin ruwan ɗumi ya yi kumfa har yana neman zuba. Kofin tafasasshen ruwa kuwa shiru, ko motsi babu.

"Malama, me ya sami na ukun?" wani yaro ya tambaya.

"Ya mutu. Yis yana son ɗumi, kamar jariri. Sanyi yana sa shi barci, zafi mai yawa kuma yana kashe shi. Idan ya mutu, burodi ba zai tashi ba, sai ya fito da tauri."

Walƙiya ta ƙura wa kofi na uku ido. Ta tuna tururin filas. Ta tuna Kaka tsaye da tsintsiya. Kunya da tsoro suka rufe ta.

Da aka tashi, ta tsaya a bakin tebur. Hawaye ya cika mata ido.

"Lafiya?" in ji Malama.

Walƙiya ta kwashe labarin duka ta gaya mata.

Malama ta dafa kafaɗarta. "Wa ya san gaskiyar nan?"

"Ni kaɗai, sai ke yanzu."

"Zuba ruwan zafi kuskure ne, kowa yana kuskure. Amma da kika ce mai ɗumi ne, kin ɗauke laifinki kin ɗora wa wani. Yaushe Babanki zai je shagon?"

"Yanzu da rana."

"To, me kike jira? Yau gudunki zai yi amfani."

Walƙiya ta rungumi jakarta ta zuba a guje. Ba ta tsaya ba sai bakin layinsu.

Ta tarar Baba ya riga ta. Ya ajiye burodin nan uku a kan teburin shago. Maƙwabciya tana gefe, da wasu mata biyu. Kaka yana juya ledar yis ɗin da Baba ya dawo da ita a hannunsa.

"Ɗana, shekara ashirin ina shagon nan," yake cewa. "Ban taɓa ba yaro abin da ba zan ba jikana ba."

"To, Dattijo, wannan fa?" in ji Baba, yana nuna burodin.

"Baba!" Walƙiya ta kira, tana haki. "Baba, tsaya! Ba laifin Kaka ba ne. Ni ce."

Kowa ya juyo. Walƙiya ta daure, ta ci gaba.

"Tafasasshen ruwa nake zubawa. Ina sauri in je wasa. Mama ta tambaye ni, na ce mai ɗumi ne. Ƙarya na yi. Ni na kashe yis ɗin."

Maƙwabciya ta rufe baki da gefen mayafinta.

Walƙiya ta roƙi Kaka kofi, da ruwan ɗumi, da ɗan sukari. Ta taɓa ruwan da yatsa, ta zuba yis daga ledar nan, ta juya. Aka tsaya ana kallo. Wannan karon ba ta ce a yi sauri ba.

Can sai kumfa ta fara tasowa, ta yi ta hawa har bakin kofi.

"Ikon Allah," in ji maƙwabciya. "Ashe da ransa."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya riƙe hannun Kaka da hannu biyu. "Dattijo, na zarge ka ban bincika ba. Don Allah ka yafe mini."

Walƙiya ta durƙusa. "Kaka, ni ma ka yafe mini. Na ja maka zargi. Kuma da safe ka gaishe ni na ƙi amsawa."

Kaka ya share idonsa da bakin hannun riga. "Wallahi, jikata, na safen nan ya fi yi mini ciwo. Amma tashi. Yaro nawa ne zai tsaya gaban mutane ya ce ni ne? Na yafe, duniya da lahira."

Ya ɗaga burodi ɗaya, ya jinjina nauyinsa. "Wannan kuma ku bar mini shi. Dama ƙofar shagon nan tana buƙatar abin tokarewa."

Kowa ya fashe da dariya, har da Walƙiya mai hawaye.

Maƙwabciya ta ce, "Bakin da ya kai maganar, shi zai je ya dawo da ita." Ta gyara mayafi ta shiga gida-gida tana wanke Kaka.

Da Mama ta dawo ta ji komai, ta zaunar da Walƙiya. "Kin ga abin da kalma ɗaya ta jawo? Da kin faɗi gaskiya ranar farko, burodi ɗaya kawai za mu rasa. Sati guda babu tsallen igiya."

"Na yarda, Mama. Na gode da ba ki ƙwace mini aikin ba."

"Ina zan ƙwace? Yanzu ne ma kika iya."

Suka shiga kicin tare. Walƙiya ta sirka ruwa, ta jira, ta taɓa. Ta zuba komai bi da bi. Ita da Auta suka yi ta leƙen gilashi, suna kallon kwaɓi yana kumbura a hankali har ya kusa taɓa murfi.

Da burodin ya fito, Walƙiya ta naɗe shi a tsumma mai tsabta, ta kai shago da ɗuminsa. Ta tarar da layin masu saye, maƙwabciya ce ma a gaba.

Kaka ya gutsura, ya ci, ya lumshe ido. "Kai, madalla! Allah ya yi miki albarka, jikata."

"Amin, Kaka. Na gode da ka yafe mini."

Ta koma gida zuciyarta fes, tana godiya ga Malama da ta buɗe mata ido, da Mama da ta sake yarda da ita. Daga ranar ta riƙe abu biyu. Sauri ya haifi nawa. Kuma idan ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya tun da wuri, kafin laifinka ya faɗa kan wanda bai ji ba, bai gani ba.