Madannan Gefen Dama

Da gardama Vasemaca da Ashneel suka fara. Ta shiga wani ƙaramin kantin kwamfuta a garin Lautoka da rana tsaka, lemarta na ɗigar ruwa, ta ce laftof take so, amma mai rukunin madannan lamba a gefen dama.

Ashneel, saurayin da ke tsaron kantin, ya dube ta, ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa.

"Haba 'yar'uwa, me kafaɗarki ta yi miki? Ga siririya nan mara nauyi, haruffanta a tsakiya. Mai lambobin nan hagu za ta tura hannayenki, ki yini a karkace kamar kwale-kwalen da aka yi wa lodi gefe guda."

"Kaya kake sayarwa ko wa'azi?"

"Duka biyun. Wa'azin kyauta ne."

Ta gimtse dariyarta. Ta ce masa a ofishin hasashen yanayi na garin Nadi take aiki. Tashoshin tsibirai ne ke aiko mata da ma'aunin ruwan sama da ƙarfin iska, ita kuma ta shigar. Idan guguwa ta taso, ba ta da sukunin farautar lamba a layin sama da yatsa ɗaya.

Don ya gani da idonsa, ta jawo kwamfutar, ta kafe shi da ido, yatsunta na dama suka yi ta gudu a kan lambobin ba tare da ta kalle su ba. Ashneel ya saki baki. Ita kuwa sai a lokacin ta lura da dogon gashin idonsa, har ta kuskure lamba ɗaya.

Mai lambobin ta saya. Ya karɓi lambar wayarta, wai saboda garanti.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malama Lamba, garanti ne ke gaisuwa. Ya kafaɗa?"

Ta mayar masa: "Lafiyarta lau, Sarkin Gardama. Gobe ka fito da lema."

Bai fito da ita ba, ruwa ya yi masa dukan tsiya. Ya rubuto: "Na tuba. Daga yau duk abin da kika ce game da sama na yarda. Amma maganar madannai tana nan."

Haka abin ya ɗore. Ranar da ba ta da aiki ya kan rufe kanti da wuri, su zauna a bakin teku suna cin gurasar roti da miyar kabewa da mahaifiyarsa ta naɗo masa. Ya koma kiranta Ruwan Samana. Ita kuma ta kasa ɓoye masa cewa kafaɗarta ta fara ciwo da gaske, domin takan kai hannu tana matsawa ba ta sani ba. Ya gani, bai yi mata gori ba, abin da ya ba ta mamaki.

Da ta kai maganarsa gida, a ƙauyensu na bakin kogin Ba, mahaifinta Inoke ya ɓata fuska.

"Ɗan Indiyawan kanti?" ya ce. "Ba na ƙin kowa, Va. Amma wanda ya tashi a kan kujera ba zai iya zaman tabarmarmu ba. Ranar da na mutu, wa zai zauna a madadinki cikin dangi?"

"Tata, ka gan shi tukuna," ta ce wa mahaifin nata.

"Ga Semesa nan, ɗan gida, tare kuka tashi."

Semesa ƙwallon zari-ruga yake bugawa a Ostiraliya, ya zo hutu, kuma bai ɓoye nufinsa ba. Ya tare ta a hanyar kogi ya ce, "Ke da kike son aikinki kamar rai? Bari a ɗaura auren ki gani. Bayan kanta zai ajiye ki, kina miƙa wa mutane caja."

Ta ce masa ƙarya yake yi. Amma maganar ta samu wurin zama a zuciyarta.

Ranar zagayowar haihuwarta Ashneel ya miƙa mata kwali yana murmushi. Ta buɗe. Siririyar laftof ɗin nan ce, babu madannan lamba ko ɗaya a gefenta.

"Daga yau kin huta da karkacewa," in ji shi.

Ta ɗago ta dube shi. "Na huta da aikina kake nufi?"

"A'a, tsaya ki ga..."

"Tun ranar farko kake raina abin da nake yi, ni kuma ina ɗauka wasa ne." Ta ajiye masa kwalin a cinya, ta tare motar haya, tana ji yana kiran sunanta yana laluben jakarsa, ba ta waiwaya ba.

Ƙauye ta tafi. Ya kira har ya gaji. Saƙo ɗaya kawai ta buɗe: "Ruwan Samana, rabin kyautar kika gani. Zan kawo sauran har gaban Momo, mahaifinki, ko da zai kore ni."

Ranar Asabar da hantsi tana kankare rogo a kicin ta ji muryarsa a ƙofar gida. Ta leƙa ta labule. Ga shi nan ya ɗaura zanen maza a karkace, ya rungumo damin saiwar kava, wadda ake jiƙawa a sha a zaman dattawa, ya cire takalmi tun daga nesa. Mahaifinta ya karɓi gaisuwar kamar yadda al'ada ta tanada, ya nuna masa tabarma. Dattawa suka taru, Semesa ma ya zo ya zauna yana murmushin mugunta, shi ne ma mai cika wa Ashneel ƙoƙo da ruwan kavar har baki.

Ashneel ya tafa hannu bisa al'adarsu, ya shanye, ya sake tafawa. Aka yi ta zagayowa. Rana ta take, ta karkata, bai miƙe ƙafa ba, bai nemi kujera ba.

Can Inoke ya ce, "Yaro, an ce ka ɓata wa 'yata rai a kan na'ura. To, a gabana, wa ke da gaskiya?"

"Momo, a kan aikinta ita ce da gaskiya. Masunta da yawa sun kwana a gida lafiya saboda saurin hannunta. Ni kuma a kan kafaɗarta nake da gaskiya." Ya ciro wani ɗan ƙaramin abu daga jaka, faifan madannan lamba ne mai zaman kansa. "Wannan za ta ajiye shi duk inda hannunta ya fi sakewa, ta zauna a miƙe. So nake ta tsufa tana aikin nan ba tare da ciwo ba."

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Vasemaca. Kunya ta rufe ta, hawaye suka biyo baya.

Inoke ya ce ya taso ya miƙo masa ya gani. Ashneel ya yunƙura, ƙafafunsa da suka daɗe da mutuwa suka ƙi ɗaukarsa, ya tafi luu ya zube a jikin Semesa. Ɗakin ya kece da dariya, har dattijon yana share ido.

"Ƙafarka ta mutu tun yaushe?"

"Tun ƙoƙo na biyu, Momo."

"Kuma ka yi shiru?" Ya juya wajen labule. "Va, fito ki ɗaga baƙonki. Wannan zai iya zama."

Semesa da kansa ya kama shi ya tsayar, ya ce, "Ka riƙe ta da kyau, in ba haka ba ni zan karya ka."

A bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. "Ka yafe mini, Sarkin Gardama. Ban bari ka ƙarasa ba."

"Na yafe, Ruwan Samana. Riƙe ni dai, har yanzu ban san inda ƙafata take ba."

Bayan an gama saran rake, kawunnan Ashneel suka zo da tabua, haƙorin babban kifin teku da ake neman aure da shi, aka karɓa. An yi biki iri biyu a yini ɗaya: waƙar coci da safe, furanni da kurkum da yamma. Mahaifiyar ango, Sushila, ta cika tukwane, dangin amarya suka tone abincin da suka gasa a rami.

Inoke ya ɗora hannu a kan su biyun, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka, gidan da baƙo ba zai fita da yunwa ba. Ya koma ya zauna yana goge hawaye, yana cewa barkonon miyar nan ya yi yawa.

Sushila ta ƙara masa wani cokali, ta ce a hankali, "Ci abinka, suruki. Wannan tukunyar ban sa mata barkono ba."