Furar Inna Ba Ta Kai Kano

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan labarin. Ni ba gwanar magana ba ce, karatuna ma a firamare ya tsaya. Amma Siddiƙa ƙawata ce tun muna zuwa makarantar allo a bayan Kusugu, ita ta ce in rubuta shi yadda ya faru. To ga shi.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, Hafizu ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gidan su Siddiƙa ya yi sallama. Ta fito zaure da tabarma da kofin ruwa, ta koma gefe ta zauna tana wasa da bakin hijabinta. Tun da aka ƙaddamar da shari'a samarin unguwarsu suka rage zancen dare. Da rana ake zuwa, ƙofar zaure a buɗe.

An riga an sa ranar aurensu, bayan ƙaramar salla. Abin da ya rage shi ne garin da za su zauna. Hafizu makanikin injin ban-ruwa ne, ubangidansa ya yaye shi, shi kuma yana jin nauyin ya buɗe shago a Daura ya janye wa wanda ya koya masa aiki masu kawo gyara. Kawunsa Alhaji Sada ya ce ya zo Kano ya riƙe masa shago. Manoman rani na bakin dam ɗin Kazaure, a jihar Jigawa, su ma sun aiko suna neman mai gyara.

"Gimbiyar Daura, yau ma shirun za a ba ni?"

"Ina wuni, Yaya Hafizu."

"Lafiya lau. Na gaya miki, ni fita zan riƙa yi, ke za ki wuni a gidan. Ke za ki zaɓa. Amma ki bar ni in yi wa Kano kamfen."

Ta rufe baki da hijabi. "To, ina ji."

"Kano fa gari ne mai tarihi, sahibata. Ga Dala, ga ganuwa, ga kasuwar Kurmi da fatake ke zuwa tun kaka da kakanni. Ga marinar Ƙofar Mata. Yanzu kuma ga Hizba, an kawo A Daidaita Sahu mai labule, ki shiga abinki babu mai ganinki. Jigawa kuwa jiya-jiya aka yanko ta daga jikin Kano. Ina jin na girme ta."

"In tarihi ne, ai mu muka haifi Kano," in ji ta a hankali. "Goggo ta ce sarkinsu na farko daga nan ya tafi."

"Au, ashe kina da baki."

"Kuma jihar ce sabuwa, ba Kazauren ba. Suna da sarkinsu tun da daɗewa."

"To kin zaɓi Kazaure ke nan?"

"Ni ban ce ba..."

Ya yi dariya ya sha ruwansa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, don ba Kano ce ke damunta ba, ba kuma Kazaure ba. Innarta ce.

Siddiƙa 'yar fari ce. Tun da aka haife ta, Inna Barakatu ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa dubanta ido da ido ta yi mata magana ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, Inna kuma ta riƙe ta da ƙarfi fiye da kowa a unguwar. Da aka yaye Siddiƙa aka miƙa ta ɗakin Goggo Kulu, ƙanwar mahaifinta, a cikin gida ɗaya. Bayan rasuwar mahaifin, matan biyu suka ci gaba da zama tare, Inna tana sana'ar fura. In tana da saƙo ga 'yarta, sai ta ɗaga murya ta ce, "Kulu, ki gaya wa wannan ta kwashe shanya," alhali Siddiƙa na tsaye a gabanta.

Kullum da hantsi Siddiƙa kan tarar da kwanon dama ɗaya a rufe da faifai a bakin ƙofar Goggo. Ba a taɓa cewa na wane ne ba. Ita ke sha, ta wanke kwanon ta kife a inda ta same shi.

Da maganar gari ta taso, Siddiƙa ta sa rai ko sau ɗaya Inna za ta ce wani abu. Ko ta bakin Goggo ne. Kada a kai ta nesa, ko kuma a kai ta, duk wanda ta ce. Amma Inna ba ta ce uffan ba.

Bayan tafiyar Hafizu ta shiga gida ta tarar da su a tsakar gida, Goggo na tsince yakuwa, Inna na surfe.

"Me angon ya ce?" Goggo ta tambaya.

"Kano yake so. Amma ya ce in zaɓa."

"Kano," Goggo ta taɓe baki. "Na zauna can da marigayi mijina. Gidan haya, ruwa sai ɗan garuwa ya ga dama, maƙwabciyarki ta haihu sai ranar suna ki ji. Amma fa gaskiya akwai albarka. Mace na ɗakinta za ta yi sana'a ta rufa wa kanta asiri, ga malamai ga Islamiyya a kowane lungu."

"Kazaure fa, Goggo?"

"Su ai mu ne. Gero suke ci, gero muke ci. In an yi biki kamar kina Sandamu. Sai dai duwatsu, da shiru. Jigawa ai ƙauye ce da aka ba gwamna."

Siddiƙa ta saci kallon Inna. Inna ta ɗaga taɓarya ta sauke, ta ɗaga ta sauke, kamar ba a gidan ake maganar ba.

Kwanaki suka wuce a haka. Ran nan da hantsi Inna na cura fura, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Kulu, ashe fura ba ta kai Kano."

"Wace fura kuma?"

"Damammiya. In aka sa ta a motar safe, a Kazaure da daɗinta. Kafin a shiga Kano ta yi tsami."

"To wa ya aike ki Kano da fura? Masu sayen nan sun ishe ki."

Inna ta ci gaba da barbaɗa gari.

Siddiƙa na bakin randa tana jin su. Ana shirin raba ta da gidan, amma abin da ke ran mahaifiyarta shi ne kasuwar fura. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, hawaye na zuba ba sauti. A nan ta yanke shawara. Kano za ta ce. Tunda babu mai kewarta, gara ta faranta wa wanda ya damu da ita.

Da Hafizu ya zo da yamma, tun kafin ya zauna yake dariya.

"Yau na zo miki da labari. Kin san Maharazu, abokina direban motar Kano?"

"Na san shi."

"To Inna ta sa shi aiki. Wai da sassafe ta je tasha da kanta, da kwanon fura a ɗaure cikin ɗankwali."

Siddiƙa ta ɗago. "Inna? Tasha? Ita da ko kasuwa sai dai ta aika?"

"Wallahi ita. Ta ce masa, ɗan nan, ga wannan. In kun isa Kazaure ka buɗe ka sha ludayi biyu. Sauran ka rufe, sai kun shiga Kano ka ƙara sha. In ka dawo ka zo ka gaya mini gaskiya."

"Sai ya yi?"

"Wa zai ƙi furar Inna? Ya ce a Kazaure har kunnensa sai da ya motsa. Amma da zafin nan da cunkoson shiga gari, kafin ya sauke fasinja a Kano ta zama tsamiya. Bai ɓoye mata ba. Ta ce a sake, ko ranar ce ba ta yi ba. Aka sake, haka dai. Har tambayarsa ta yi ko motar safe kullum tana tsayawa a Kazaure." Ya girgiza kai. "Ina jin so take ta buɗe kasuwa a Kano in mun koma. Ki gaya mata kada ta damu, can ma akwai masu fura."

Siddiƙa ba ta yi dariya ba. Kwanon nan na bakin ƙofar Goggo ne ya faɗo mata a rai, da faifansa, shekara da shekaru, ko ranar da Inna ke zazzaɓi bai taɓa fashi ba. Ta tuna muryar Inna ɗazu, yadda ta ɗaga ta daidai yadda za ta kai bakin randa.

Ta sa hijabi ta rufe fuska.

"Subhanallahi, me na faɗa? Siddiƙa, kuka kike?"

"Ba kasuwa take nema ba, Yaya Hafizu..."

"To me?"

"Kwanona take auna wa hanya."

Ta ba shi labarin kwanon, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, tana yi tana share ido. Ta gaya masa abin da Inna ta ce da hantsi, da yadda ita ta ɗauke shi.

"Yau da niyyar in ce maka Kano na fito," in ji ta. "Don haushi. Na ɗauka ko Makka aka kai ni ba za ta waiwaya ba."

Hafizu ya daɗe yana kallon babur ɗinsa ta ƙofar zaure. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Tun yana yaron shago yake mafarkin Kano, har ya riga ya gaya wa abokansa.

"Ka ce ni zan zaɓa," ta ce. "In ka yarda, Kazaure nake so. In kuma zai ɓata tsakaninka da Kawu, ka bar shi, zan bi ka duk inda ka ce."

"Kawu zai yi faɗa," ya ce. "Zai ce na bar birni na tafi gadin tumatir."

"Ka yi haƙuri..."

"Tsaya mana, ban gama ba." Ya gyara zama. "Ni na kawo Dala da Kurmi da ganuwa, na kawo har da A Daidaita Sahu. Inna ta kawo kwano ɗaya ta kayar da ni. Wannan ko gaban alƙali aka je ita ke da gaskiya."

Ta yi dariya cikin hawaye.

"Kuma in don Kano ce, ai a hanya muke. In kin yi marmarin Kurmi in ɗauke ki mu je mu dawo. Kazaure akwai ruwa, akwai injina, ba zan zauna banza ba. Amma da sharaɗi ɗaya, abar ƙaunata."

"Wane?"

"Kwanon nan, a riƙa sa ludayi biyu."

"Wannan kuma sai ka gaya wa Goggo ta gaya wa Inna."

"Ni? Surukar da in ta hango ni take canza hanya?"

Har aka kira magariba suna dariya. Ya tashi ya nufi masallaci, ita ta naɗe tabarma.

Ba ta gaya wa kowa ba a ranar. Da za ta iya gaya wa Goggo, Goggo ta isar, kamar yadda aka saba. Amma wannan karon ba ta so saƙon ya bi ta hannun kowa.

Washegari bayan asuba Goggo Kulu ta tafi barka maƙwabta. Gidan ya rage su biyu. Inna ta zuba gero a turmi ta fara daka. Siddiƙa ta tsaya a bakin ƙofa. Sai ta ɗauko taɓarya ta biyu, ta zo ta tsaya a ɗaya gefen turmin, abin da ba ta taɓa yi ba.

Inna ba ta dube ta ba, amma ta ɗan jinkirta hannu ta ba ta wuri. Wannan ta sauke, wannan ta ɗaga.

Siddiƙa ta kafa wa geron ido, ta ɗaga murya kaɗan.

"Goggo, an ce Kazaure za a zauna."

Taɓaryar Inna ta tsaya a sama. Ta daɗe a can kafin ta sauko. Inna ta juya baya ta share fuska da bakin zane, kamar gari ne ya shiga mata ido. Ta jawo kwarya ta ƙara gero a turmin.

Sannan ta dubi ɗakin Goggo, wanda ta san babu kowa a ciki.

"Kulu," ta ce, "ki gaya wa wannan ta nemi kwano mai murfi. Faifai ba ya jure mota."

Siddiƙa ta ce, "Ta ji."

Suka ci gaba da daka.